Maganin Shawara Mai Ƙwai da Ƙuli

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga kai, har carbi nakan nema alhali yana rataye a wuyana. Amma bazarar da na kwanta ciwon shawara da goyo a hannu, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Duk ranar da na ji mata sun ce "ku tashi mu je dubiya", sai ta dawo mini sabuwa fil.

A shekarun farin nan ne, lokacin da gero ya bushe a tsaye bai fitar da kai ba. Muna zaune a wani ƙauye bayan Zakirai, inda gona ke manne da gona, in ka yi tari a ɗakinka maƙwabta su ce maka sannu. Tun rani bai yi nisa ba aka fara jin hannu na taɓa ƙasan rumbu. Maigidana ya tafi birni cin rani, yana dako a kasuwa, ya bar ni da mahaifiyarsa da nake kira Inna, da ɗana na fari wanda ko rarrafe bai fara ba. Mu ke nan a gidan, sai wata kaza mai taurin rai da ta ci gaba da yin ƙwai, ban san da me take yin sa ba.

Ciwon ya fara da kasala. Na ɗaga taɓarya zan yi surfe, sai na ga tsakar gida na juyawa. Kafin a ce haka idanuna sun yi rawaya, abinci ya fita kaina, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Tuƙin tuwo kuwa, ko muciyar aka miƙo mini sai ta faɗi. Da labari ya kai birni, maigidana ya aiko da ƙuli-ƙuli da 'yar kwalbar man gyaɗa da tsamiya. Mahaifiyata ma daga wajen Bici ta aiko da wake da garin gero da ɗan man shanu. A wannan shekarar, wannan kaya dukiya ce. Na ce alhamdu lillahi, zan samu abin da zan tashi da shi. Ban san 'yan dubiya na kan hanya ba.

Ku da ba ku sani ba, a garinmu kowace mace likita ce, muddin ba ita ke kwance ba. Shugabar likitocin kuwa ita ce Goggo, yayar mahaifin maigidana, mace mai murya kamar ana kiran awaki daga nesa. Ita ta fara zuwa. Ta ja fatar idona da yatsa, ta leƙa, ta girgiza kai.

"Shawara ce, mai ƙarfi ma kuwa," in ji ta. "Kada a kuskura a ba ta mai. Mai shawara ta ci mai, sai dai a nemo likkafani."

Inna ta ce, "To, Yaya."

Daga nan layi ya buɗe. Wata ta zo ta hana ƙwai. Wata ta hana wake, wai yana kumbura hanta, kamar ta taɓa ganin hantar. Wata ta hana gyaɗa da duk danginta. Wata ta hana nono, wata ta hana gishiri. Akwai wadda ta iso a makare ta tarar an gama rabon komai, ta zauna tana ta tunani don kada a ce ba ta kawo gudummawa ba, can ta ce, "Zogale fa? An hana zogale?" Aka ce ba a hana ba. Ta ce, "To a hana." Abin da ya rage mini a duniya shi ne farau-farau, wato ruwa da ɗan gari da aka nuna masa daga nesa, sai jiƙon saiwar rawaya da ɓawon maɗaci da ake dafawa a wata 'yar baƙar tukunya. Ɗacinsa har yau in na tuna sai bakina ya tara yawu.

To, ga inda abin ya fi daɗi. A al'adarmu wanda ya tako ya zo gaishe ka ba ya tashi bai sa komai a baki ba, ko da kai za ka kwana da yunwa. Inna mace ce mai kunya, ba za ta iya kallon idon baƙo ta bar shi haka ba. Me za ta ba su? Ai ga kayan da aka hana mara lafiya, kada su lalace. Sai ta dafa wake ta zuba man gyaɗa, ta kawo. Ta kwaɗa zogale da ƙuli, ta kawo. Ina kwance a kan tabarma, ƙamshi na shiga hancina, su kuma suna zaune a kaina suna sa loma suna cewa, "Sannu, 'yar nan. Ki daure, ciwo sai da haƙuri." Allah Ya saka musu, bayin Allah, sun sadaukar da cikinsu don kada abincin nan ya cutar da ni. Goggo kam ta fi kowa ƙoƙari, ko ranar da ƙafa ke mata ciwo ba ta fasa zuwa ba, kuma ba ta taɓa kuskuren lokacin sauke tukunya ba.

Yanzu da na girma na san su ma yunwar ce ke koro su, a gidajensu wani lokacin ko hayaƙi ba ya tashi. Kuma da gaske suke, sun yarda mai zai kashe ni. Na yafe musu. Amma yafewa daban, mantawa daban.

Ni dai in ta kaina ce da na yi shiru har ƙarshe. Matsalar ita ce nono ya fara ɗaukewa. Jikin da ba a zuba masa komai, me zai tatso? Yaron ya kama, ya ja, ya saki ya tsala kuka. Inna ta gwada ɗura masa farau-farau, ya dawo da shi. Ya yi ta kuka kwana da kwanaki, har muryarsa ta dushe. Daga baya sai ya daina. Ya kwanta a gefena, idanu a buɗe, ko ƙuda ya sauka masa a fuska ba ya motsi.

Kun san abin da likitocin suka ce? Goggo ta leƙa shi ta ce, "Kai, yaron nan akwai haƙuri! Ya san uwarsa ba lafiya. Kakansa ya gado." Sauran suka ce, "Wallahi kuwa, ɗan albarka." Ni kuwa ɗan fari ne, a zamaninmu mace ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ta kamawa. In na buɗe baki na ce ɗana zai mutu, a ce ba ni da kunya. Sai na juya fuska bango, hawaye na zuba, suna cewa zafin ciwo ne.

Ranar da abin ya kai maƙura, ana suna a unguwar gabas. Duk garin ya tafi, don an ce za a yi tuwo, kuma a shekarar nan tuwo ya fi mai jego jama'a. Inna ma ta ce bari ta leƙa ta yi barka ta dawo. Gida ya yi tsit, rana na dukan tsakar gida. Na ɗauki yaron na sa shi a nono. Ya ɗan motsa baki, ya saki. Na shafa kansa, sai na ji maɗigarsa ta faɗa ciki. Tsoro irin na ranar ban taɓa jin sa ba, ban kuma sake ji ba. Na ce a raina, in mai ne ajalina, to ya same ni da ƙoshi, amma ba zan kwanta ina kallon yaron nan yana ƙarewa ana yaba masa haƙuri ba.

Da rarrafe na isa murhu. Akwai sauran garwashi, na tura karan dawa na hura har wuta ta kama. Babbar tukunya ko gezau ba ta yi ba da na taɓa ta. Wadda na iya ɗagawa ita ce 'yar baƙar tukunyar maganin nan. Na kifar da jiƙon a gindin danga, Allah Ya ji ƙansa, na ɗauraye ta na zuba ruwa. Ba daka, ba niƙa, ba tsayuwa, komai a zaune na yi. Na sa dutse na farfasa sauran ƙuli a cikin ƙwarya, na watsa a ruwan. Na damƙo busasshen zogale na murtsuke a ciki. Da ya tafasa na dama garin gero da ruwan tsamiya na zuba, na juya da ludayi. Kazar nan mai taurin rai ta yi ƙwai a bayan randa, na miƙa hannu na ɗauko na fasa a kai. Na sa gishiri. Na kalli kwalbar mai, akwai ɗan saura a gindinta, na ce ke ma zo, yau duk masu laifi a tukunya ɗaya za su haɗu.

Abin ya fito ba kunu ba, ba fate ba, amma ƙamshinsa ya cika tsakar gida. Na fara sha ke nan daga ludayi, ina hurawa, sai na ji sallama. Inna ce, kuma Goggo na biye da ita, ta biyo ta duba ni, da yake tuwon sunan bai kai kanta ba.

"Subhanallahi! Ke da ba ki da lafiya me ya kawo ki murhu?" in ji Goggo. Ta buɗe hanci. "Me ke cikin tukunyar nan?"

Inna ta matso ta sunkuya a kan tukunyar. Ta ga zogale, ta ga farin ƙwai na yawo, ga ɓawonsa a gefen ƙafata. Ta kalle ni. Ta juya ta kalli ƙofar ɗaki inda yaron ke kwance shiru. Na ga ta daɗe tana kallon wajen. Sannan ta sa ƙafa ta taka ɓawon ƙwan, ta miƙe.

"Magani ne, Yaya," ta ce. "Sabon haɗi ne aka ba mu. An ce mai lafiya ya ɗanɗana, ciwon kansa zai koma."

Goggo, da hannunta ya riga ya kama hanyar ludayi, ta janye shi kamar ta taɓa wuta. Ta ja da baya ta ce, "A'a, to a sha lafiya. Dama na ce a canza magani." Abinci dole a yi wa baƙo bismilla, amma ba a taɓa jin wanda ya yi fushi don ba a sam masa magani ba.

Da ta tafi, Inna ta zauna a ƙasa kusa da ni. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. Ta ce, "'Yar nan, ina ganin yaron nan tun tuni. Tsoro nake in ba ki, wani abu ya same ki, a ce uwar miji ta kashe 'yar mutane da mai." Ta karɓi ludayin ta ɗanɗana, ta goge baki. "Gobe ni zan ɗora. Kuma maganin naki gishiri ya yi masa kaɗan."

Daga ranar, duk abin da aka aiko mana cikin baƙar tukunya yake ƙarewa. Yau kunun gyaɗa da tsamiya, gobe wake da aka jiƙa tun safe ya dahu ya narke aka watsa masa zogale, jibi gari da ƙuli da ƙwai. Ba wanda ke buƙatar turmi ko muciya, Inna da ciwon bayanta a zaune take yi. 'Yan dubiya kuwa aka koma ba su ruwan randa mai sanyi. Abin mamaki, sai ƙaunar da suke mini ta fara raguwa, layi ya yi gajere.

Ba rana ɗaya na warke ba. A hankali na fara zama, na fara kaiwa bakin ƙofa, sai wata safiya na ji ƙirjina ya yi nauyi, gaban rigata ya jiƙe. Na sa yaron, na ji yana haɗiya. Bayan 'yan kwanaki, Goggo na zaune tana ba mu labarin yadda hana mai da ta yi ya cece ni, yaron ya farka ya ga ba na kusa. Ya buɗe baki ya ƙwalla wani kuka da ya sa kazar ta tashi sama. Inna ta saki tsintsiya tana dariya tana hamdala. Ni kuma kunyar ɗan fari ta tafi abinta, na sure shi na rungume a gaban kowa ina kuka tare da shi. Goggo ta toshe kunne ta ce, "Kun ɓata yaron nan. Da can yaro mai haƙuri."

Shekaru sun wuce, Inna ta riga mu gidan gaskiya, sai ga Goggo ta kwanta da irin ciwon. Likitocin gari suka taru suka hana ta komai, suka zauna suna cinye mata kaya. Ta aiko a ce mini in taimaka mata da maganin nan na Inna. Na ɗora baƙar tukunya na kai mata. Ta kurɓa, ta tsaya, ta sake kurɓa, ta ɗago ta kalle ni. "'Yar nan, maganin nan kamar da ƙwai a ciki." Na ce, "Sha kawai, Goggo. Sirri ne." Ta shanye tas, har da sa yatsa.

Abin da bazarar nan ta koya mini shi ne, mai ciwo ba shawara ya rasa ba, wanda zai ɗora masa tukunya ya rasa. Shi ya sa har gobe ɗakina ba ya rabuwa da garin kunu da dakakken ƙuli da busasshen zogale, abin da ko a zaune zan iya haɗawa. In na je dubiya da kwano a hannu nake zuwa, in tsaya sai mai ciwon ya ci a gabana, ni kuma ko ruwa aka ba ni sai in ce na ƙoshi. Kuma duk gidan da na shiga na ji ana yabon jariri da haƙuri, ba na cewa amin. Kansa nake fara shafawa, sannan in tambayi uwarsa me ta ci yau.