Baƙon da ba ya sallama

Har yau idan na ji muryar nan ta cikin waya tana cewa "Ko kin fahimta?" sai raina ya ɓaci.

Bayan 'yan bindiga sun kashe Baba a gonarmu ta Tursa, na ɗauko Inna ta dawo wurina a Goronyo. A gabanta aka yi abin, amma ba ta taɓa buɗe baki ta ba mu labari ba. Mu ma muka ƙyale ta.

Wata rana aka turo saƙo a rukuninmu na manoman albasa, wai wasu masu bincike na son jin ta bakin matan da suka baro ƙauyukansu. Ba da mutum za a yi magana ba, da wata na'ura ce mai hira, wadda za ta yi ta bayani har mutum ya gane kafin ya amince. Inna ta ji ina saurare, ta ce in ba ta wayar.

Na'urar ta gaishe ta da Hausar Kano sumul, har da ban gajiya. Ta ce ba dole ba ne, kuma duk lokacin da Inna ta so tana iya dainawa. Masu ita suna can suna ganin sun gama adalci. Ba wanda ya gaya musu cewa a wurinmu mai gida ba ya katse baƙo, baƙo ne ke cewa zai tafi. Wannan baƙon kuwa ba shi da kunya, ba shi da gidan komawa.

Tana tambaya Inna na amsawa, har aka zo kan ranar. Sai na ce, "Inna, aje ta haka nan."

"Kai, bari," in ji ta. "Yarinyar ga ta gaishe ni da ladabi. Ƙaƙa za ni tashi in bar ta tana magana?"

Ina tsaye ta gaya wa waya yadda Baba ya ce mata ta ruga kada ta waiwaya, da yadda ta waiwaya, da abin da ta gani. Na'urar ta ce, "Na gode. Ko kina son ci gaba?"

Na so in kwaɗa wayar da ƙasa. Abin da na daɗe ina jira ta gaya mini, ni ɗanta, a gefe na tsince shi. Da ta gama ta miƙo mini wayar ta shige ɗaki. Ba ta sake ɗaga zancen ba, ni kuma har yau ban san a kwamfutar wa mutuwar ubana take ajiye ba.