Ƙarfen da Na Kwance daga Tsamiya

Direba ne ni a Doha. Kullum da safe nakan taso daga unguwar Mansura in kai injiniyoyi biyu Al Wakrah, ɗaya Bafaranshe, ɗaya Bajamushe. Ran nan Bafaranshen ya dafa abokinsa ya ce da ni, "Sale, kakannin wannan ne suka ƙona garinmu. Yau ni ke saya masa kofi." Bajamushen ya ce, "Kofin ma marar daɗi." Suka tuntsire da dariya. Wai yanzu gada ce kawai tsakanin garuruwansu, ba mai tambayarka takarda. Ni ban yi dariya ba. Mu ma mun taɓa yin sulhu.

Can a garinmu, mun daɗe muna zubar da jini da mutanen ƙetaren rafi a kan fadama. A tsamiyar bakin gari akwai tsohon wilin mota a rataye. Ni ke buga shi in an hango su. Don tsofaffi aka rataye shi, su fara hawa dutse da wuri tunda ba sa iya gudu. Ranar sulhu, bayan an raba goro, mutanen ƙetare suka ce muddin ƙarfen nan yana rataye, ba mu yarda da su ba. Na yi wuf na hau na kwance shi, don a yabe ni. Aka kuwa yabe ni, na ji daɗi, Allah Ya yafe mini. Inna, mahaifiyata, ta ce in ajiye shi kusa. Na ba maƙeri.

Ranar Laraba ce, tsakiyar damina. Na yi asuba, na sha kokon Inna, na saɓi fartanya. Na bar Inna a bakin ɗaki tana tsintar wake, ƙafarta mai ciwo a miƙe. Da hantsi ina cikin dawa, tsuntsayen rafi suka tashi gaba ɗaya. Sai ƙarar babura.

Na ruga gindin tsamiya. Igiya kawai ke lilo. Na yi ta buga fartanya a jikin itacen. Ko akuyar da ke ɗaure a wurin ba ta ɗaga kai ba. Na kurma ihu. Harbin farko ya haɗiye muryata.

"Dutse! Kowa dutse!" Haka mutane ke ta ihu. Hayaƙi ya turnuƙe daga rumbuna. Na nufi gidanmu, na tarar wuta ta datse lungun. Ƙanena Audu ya fizgo rigata. "Yaya, juya!" Na juya.

Muka bi cikin dawa a sunkuye. Wata mata ta toshe bakin jaririnta da gefen zane. Kafin azahar muna kan dutse, muna kallon gari yana ci. Ba wanda ya kira salla. Da la'asar harbi ya tsaya, sai kukan shanun da ake korawa. Daga baya aka ce ba duk mutanen ƙetare ba ne, wasu ne da ba su ci goron ba. Wataƙila haka ne.

Washegari muka sauko. Masu ƙafa kusan duk sun tsira. Gawarwakin tsofaffi muka tarar. Liman Ilu yana kan buzunsa. Baba Tanko makaho yana bakin rijiya. Goggo Asabe tana riƙe da sandarta. Inna ta kai ƙofar gida, takalmi ɗaya a ƙafa, fuskarta tana kallon dutse. Ta fara tafiya. Lokaci ne bai ishe ta ba.