Tambayar da Ba Ta Cikin Manhaja

A shekarun da aka rufe makarantun gwamnati a Maiduguri aka zuba 'yan gudun hijira a azuzuwa, ni malamin darasin Gwamnati ne da ba shi da aji. Don kada in zauna haka nan, na kama koyarwa a wata makarantar yamma a unguwar Gwange, inda ake shirya masu rubuta jarrabawar kammala sakandare. Mukan fara bayan la'asar, mu tashi kafin magariba saboda dokar hana fita.

Ran nan darasinmu ire-iren mulki ne. Na raba allo gida uku kamar yadda na saba: mulkin mutum ɗaya, mulkin 'yan tsiraru, mulkin jama'a. Na jera sarauta da kama-karya a gidan farko, na sa mulkin soja a na biyu, dimokuraɗiyya a na uku. Na daɗe ina wannan zane, ko idona a rufe ina iya yin sa, kuma ina jin daɗin yadda ake rubuta duk abin da ya fito daga bakina.

A bencin baya akwai wata ɗaliba da ta girmi sauran, ba ta cika magana ba. Kowa ya san daga wani gari ta fito wanda mutanen daji suka kama, ta yi watanni a hannunsu kafin sojoji su ƙwato garin. Ita ce ta ɗaga hannu.

"Malam," ta ce da Hausarta mai karin Kanuri, "wanda muka zauna a ƙarƙashinsa fa, a wane gida za a sa shi? Suna da alƙali, suna da mai raba hatsi, har tuta gare su. Amma ba wanda ya zaɓe su, kuma ba gado suka yi ba."

A lokacin ko sunan mutanen nan ba a kamawa cikin jama'a, don ba ka san wa ke sauraro ba. Na dubi taga. Gaskiya kuma ba ni da amsa, ga ɗalibai sun zuba mini ido.

Na ce, "Wannan ba ya cikin manhaja. Ai ke kika zauna da su, kin fi mu sanin gwamnatinku."

Aka bushe da dariya. Wadda ke zaune kusa da ita ta ja jakarta ta matsa. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, ni na ci gaba da darasi kamar ba abin da ya faru.

Washegari ba ta zo ba. Kafin mako ya zagayo na ji ɗalibai suna kiran ta matar daji. Mai makarantar ya ce mini gara da ta daina zuwa, iyaye sun fara magana. Na gyaɗa masa kai.

Sai da na yi mako biyu ina juya abin a raina kafin na hau kekena na nemi gidan goggonta, inda take zaune. Na yi sallama, ta fito ƙofar gida riƙe da hular da take ɗinkawa, allura na soke a jiki. Ta durƙusa ta gaishe ni, har tana tambayar mutanen gida. Wannan gaisuwa ta fi zagi yi mini ciwo.

Na ce, "Ki dawo makaranta. Jarrabawa ta matso."

Ta dubi hular, ta ce, "Malam, ni tambaya kawai na yi. A can in mutum ya yi tambaya, bulala ce. Na ɗauka a nan ana yi."

Na buɗe baki in ce ta yafe mini. Abin da ya fito shi ne, "To, ki dai yi tunani."

"Na ji, Malam. A gai da gida."

Ba ta dawo ba. Da na sake komawa bayan sallah, maƙwabta suka ce goggon ta kwashe ta da sauran 'yan gidan sun koma garin Khaddamari, wajen wasu dangi da suka ba su aron gona. Na san hanyar, ba ta da wani nisa. Da farko na ce hanyar ba lafiya. Daga baya aka samu sauƙi, motoci suna zuwa suna dawowa, ni dai har yau ban je ba.