Rahima Ta Tafi, Ta Bar Mana Yarinyar Gidan Biki

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, bayan sallar azahar, ɗana Wakili ya kira ni daga asibiti ya ce, "Mama, Rahima ta cika." Na Allah ne mu, kuma wurinSa dukanmu muka nufa. Ciwon ƙoda ya daɗe yana cin ki, kika jure shi ba raki ba ƙorafi, har wa'adi ya zo. Na bar Nguru a motar farko da na samu, amma kafin in isa Gashua an riga an yi miki sutura.

Wasu sun yi mamaki da suka ji zan yi rubutu a kan matar ɗana. Ni ba mai yabon mutum a gabansa ba ce, kin fi kowa sani. Amma wanda ya yi alheri ya mutu, wajibi ne a faɗa, don masu rai su ji kunya su gyara.

Tun zuwanki na farko gidana na lura da wani hali naki. Bayan kin durƙusa kin gaishe ni, sai kika sake durƙusawa gaban yaran maƙwabta da suka shigo kallon amarya, kina tambayar kowa sunansa. Da kika dawo bayan Sallah, ba ki manta da ko ɗaya ba. Lokacin da ƙafata ta kumbura, ke kika zo kika zauna da ni, kina gasa min ita da ruwan ɗumi, ina yi miki faɗa a kan gishirin miya kina murmushi. A gidan suna kuwa, da zarar an fara rabon abinci sai a neme ki a rasa. Can za a same ki bayan madafa da kwano a hannu, kina bin yaran da suka raɓe jikin bango.

Ranar da Wakili ya gaya min wai kina ƙera gem, wato wasan waya, da wata tsohuwar kwamfuta, raina ya ɓaci. Matar aure, uwar 'ya, ta zauna tana haɗa abin da ke hana yara karatu? Na taso musamman na zo Gashua don in ji daga bakinki. Ba ki yi musu da ni ba. Kika kawo min shayi, kika miƙo min wayarki da hannu biyu.

"Mama, ki taɓa nan. Kafin shayinki ya huce wasan ya ƙare."

Sunan gem ɗin Gidan Biki. Babu harbi a ciki, babu dodo, babu tsere. Wata 'yar ƙaramar yarinya ce ake tafiyar da ita da yatsa a cikin gidan da ake hidima. Ana jin lugude a turmi, ana jin guɗa, ana jin injin niƙa daga nesa, mata na hira da Hausa da Kanuri da Bade. Ba a ganin fuskar babba ko ɗaya, sai zannuwa da ƙafafu masu lalle suna wucewa, domin iyakar abin da idon yarinyar ke kaiwa ke nan. Duk wanda ta taɓa sai ya ce, "Je ki wajen innarki," ko "Ai an zuba muku." Ba mai zaginta, ba mai dukanta. Ta gama zagaye gidan, inuwa ta juya, ta zauna gindin randa tana wasa da marfin kwalba. Shi ke nan.

Na tambaye ki inda ake cin nasara. Kika ce babu. Na ce to wace ce muguwar a cikinsu? Sai kika sunkuyar da kai.

"Babu muguwa, Mama. Bayan rasuwar mahaifiyata, gida-gida aka riƙa yi da ni, don kowa yana so na. Ba wanda ya zalunce ni. Kowa dai ya ɗauka wani ne yake kula da ni."

Har gobe ina ƙwace waya a hannun yaro, kuma ban janye maganata a kan waɗannan wasanni na harbe-harbe ba. Amma naki ba don yara kika yi su ba. Don mu kika yi, iyayen da ke alfahari da buhun gero a ɗaki alhali ba mu san wanda ya kwana da zazzaɓi ba. Kin yi wani na yaron da ke jira a ƙofar makaranta bayan an tashi, ba abin da mai wasa zai iya yi masa sai zane a ƙasa, babura na wucewa, babu mai tsayawa. Malama Winifred, shugabar makarantar 'yarki Zulaihat, ta nuna shi a taron iyaye. Ta ce min tun daga nan maigadi ya rage zaman jiran yaran da aka manta. Matasa suna ta tura wasannin naki waya zuwa waya, har Jakusko na ji ana zancensu. Ba ki taɓa neman a san fuskarki ba.

Yanzu bari in gaya miki abin da ya faru bayanki, don na san shi ne abin da kika tafi da shi a zuciya.

Bayan addu'ar bakwai, dangi suka zauna a kan maganar Zulaihat, wadda ba ta daɗe da shiga aji ɗaya ba. Wakili aikin gona na gwamnati ya ɗaure shi a Dapchi, sai ƙarshen mako yake dawowa, ba zai iya riƙe ta shi kaɗai ba. Baba Dunoma, ƙanin mahaifinki, shi ya yanke magana. Ya ce marainiya ta kowa ce, kada a hana kowa ladanta. Ta yi zango ɗaya wurin yayarki Sharifa a Gashua, ta yi na gaba wurina a Nguru, hutu kuma a kai ta Jajimaji wurin dangin uwa. Kowa ya ce madalla. Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa, hawaye na bin gemunsa.

Ba tarbiyyata ba ce in katse dattijo, balle suruki. Amma na ce a yi min afuwa, na roƙi Sharifa ta buɗe masa Gidan Biki.

Ya karɓi wayar kamar an ba shi ɗanyen ƙwai. Ya dangwala, ya ja yatsa, ya ɗaure fuska.

"Hajiya, wayar nan ta lalace. Ina kawunan mutanen?"

"Baba, gajera ce," in ji Sharifa. "Haka take ganinku."

Ya kai yarinyar zaure, ta taɓa gefen wata babbar riga. Sai muryar wani dattijo ta fito daga wayar: "Je ki wajen innarki." Muryarsa ce. Ashe ke kika taɓa roƙonsa ya faɗi kalmomin kika ɗauka, ya faɗa yana dariya, yana cewa yaran zamani ba sa rasa abin yi. Bai taɓa tambayar inda za a sa su ba.

Bai ajiye wayar ba sai da yarinyar ta zauna gindin randa. Sannan ya ce, "Na janye maganata. A ba Zulaihat gida ɗaya, da mutum ɗaya da za mu tambaya in ta rame."

Na so in tafi da ita, Rahima, ba zan ɓoye miki ba. Har na gyara mata gefen gadona. Amma makarantarta tana Gashua, ƙawayenta suna Gashua, ubanta nan yake sauka, kuma ƙafata ba ta bin yaro da gudu. Na ce a ba Sharifa. Ta karɓa a gaban kowa, mijinta ya ce ya ji ya gani.

Na sake zuwa makon jiya ba tare da na sanar ba. Na iske an yi wa Zulaihat kitso, tana zaune tana cin ɗanwake kwano ɗaya da 'ya'yan Sharifa, suna faɗa a kan yaji. Da ta gan ni ta ce, "Kaka, kin zo duba ni ne ko kin zo cinye mana abinci?" Na ce duka biyun. Na duba farcenta, na duba bayan kunnenta, ban sami abin faɗa ba. Ni kuwa kin san ba na rasawa.

Iyaye, ku ji tsoron Allah. Yawan dangi ba ya renon yaro. In aka ce yaro na kowa ne, a tsaya a faɗi sunan wanda zai amsa tambaya a kansa, yau da kuma ranar gobe ƙiyama.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Dunoma da Sharifa da sauran dangi na Gashua da Jajimaji, da ɗana Wakili, Allah Ya ba ku dangana. Ke kuma 'yata, Allah Ya sa jinyar da kika sha ta zama kankarar zunubi, Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi, Ya sada ki da mahaifiyarki a Aljanna. Ya raya Zulaihat a hannun da kika so mata, ta girma ta yi miki addu'a da bakinta. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Hajiya Zinariya, Nguru.