Agogon Baba da daƙiƙa bakwai

Mahaifina ya yi shekara talatin yana aikin rediyo tsakanin Agadas da Bilma da Dirku. Da ya yi ritaya sai ya kafa nasa a ɗakin soro, da takardar izininsa a bango, yana kiran masu irin wannan sha'awa a ƙasashen duniya. Agogon hannunsa ma da rediyo yake saita shi, kullum da safe, da ƙarar nan da ake bugawa in awa ta cika. Har liman shi yake tambaya lokaci.

Sai kunne ya tafi. Cikin shekara biyu ya daina jin ko sallama. Ya rufe rediyon da tsohon zane, ya daina hawa soro, ya rage ci. Magana da shi ta koma sai a rubuce, a kan allon lakwal da na kawo daga ajina. Ina ganin yadda yake ƙarewa, kuma abin yana cina.

Wani abokin aikina ne ya gaya mini akwai hanyar da ba ta buƙatar kunne, FT8. Ana haɗa rediyo da odinatar, wato kwamfuta, saƙo ya fita, amsa ta fito a rubuce a kan gilashi. Akwai ma gasa ta kwana ɗaya, daga azahar ɗin Asabar zuwa ta Lahadi, a ga wanda zai samu tashoshi da yawa. Na rubuta wa Baba. Ya karanta sau biyu, ya ce, "Ke da ba ki san kan waya daga gindinta ba?" Ranar nan ya cinye tuwonsa.

Sati uku muka yi muna fama. Na ɗauko tsohon odinatar ɗina, na sa masa lojisiyel, manhajar da ke wannan aiki. Kabul ɗin sauti ya ƙi, muka sake wani. In rediyon ya fara aikawa sai odinatar ya daskare, sai da Baba ya naɗe kabul ɗin a zoben baƙin ƙarfe, ya kafa sandar tagulla a tsakar gida, yana zuba mata ruwa kamar shuka. Ni na hau kan soro na ɗaure wayar anten, wato eriya, yana ƙasa yana faɗa da hannu. Kuran, wutar gari, ba abin dogaro ba ne, don haka muka jona batir da panno mai ɗaukar hasken rana.

Abu ɗaya na manta ban rubuta masa ba. A wannan hanya kowa yana aikawa daƙiƙa goma sha biyar, ya saurara goma sha biyar, duniya duka a tare. In agogon odinatar ya kauce da 'yan daƙiƙu, ba ka karanta kowa, ba mai karanta ka. Ni na saita shi da rezon wayata, ta intanet, ran Juma'a, muka gwada, tashoshi uku suka amsa. Gidan Baba ba intanet, na ɗauka zancen ya ƙare.

Asabar ina wurin sunan ƙanwar mijina. Sai hantsin Lahadi na zo. Na same shi zaune da kayan jiya, shayinsa ya yi sanyi. Layukan siginal suna ta gangarowa a gilashin, amma ko harafi ɗaya bai fito ba, littafinsa na rubuta tashoshi kuma fari fat.

"Suna nan," ya ce. "Ina ganinsu kamar yadda nake ganin bakinku. Ba abin da ke zuwa mini."

Na duba kabul, na duba batir. Can na kai ido kan lokaci. Na rubuta: Baba, ka taɓa agogon odinatar?

"Na gyara shi. Ya yi kuskure, bai yi daidai da nawa ba."

Raina ya ɓaci, har na ɗaga alli zan yi masa faɗa. Sai na tuna tun yaushe rabonsa da jin ƙarar nan ta safe. Na so in ce kabul ne, amma yana kallon hannuna lokacin da na jona wayata, lokaci ya koma daidai, tashoshi suka cika gilashin, saura fiye da awa biyu a tashi. Na ja masa kujera kusa, ina nuna masa.

Bai kalle su ba. Ya ce, "Nawa ne?"

Na rubuta: minti huɗu da daƙiƙa bakwai.

"Liman ya sani?"

Na ajiye allin. Kowa a unguwa yana da waya, kowa ya sani, suna dai tambayarsa ne don kada ya ji an bar shi. Ya gane hakan a fuskata. Ya kwance agogon, ya ajiye kusa da allon, ya dafa bango ya sauka. Na zauna ni kaɗai gaban tashoshin, ba ni da izinin amsa ko ɗaya.

Bai sake hawa soron ba, kuma rai bai kai shi gasar da ta biyo ba. Agogon yana jakata. Ina murza shi kowace safiya don kada ya tsaya, kuma har yau ban gyara shi ba.