Gayyar Kufai

A ƙarshen gonarmu ta Kutama, ta ɓangaren da ke kallon hanyar Kabo, akwai wani tudu da muke kira kufai. Ba wanda ya san su wa suka zauna a wurin. Kakata ta ce haka ta tarar da shi, tsohuwar da ta rene ta ma haka ta tarar. Ba a noma kansa. Sai dai in bazara ta yi, Baba ya ɗebi mangala ɗaya ko biyu daga gefe ya watsa a gona, don kowa ya san baƙar ƙasar kufai taki ce.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Da na gama jami'a na kama aiki a ɗakin binciken ƙasa a Kano, sai ya samu mafita, ya koma kirana Malamin Ƙasa. In na zo gida ya ce, "Malamin Ƙasa, an zo duba mu? Mu da muka tsufa muna cakuɗa ta, ko takarda ba a ba mu ba." Tsokana ce, amma na san yana ji da ni. A bakin masallaci da zancena yake buɗe hira, har abokansa suka gaji.

Aikinmu ba wuyar faɗa. Mukan je inda mutanen zamanin da suka taɓa zama, mu yanko ƙasa dunƙule guda, kamar tubali, ba tare da ta motsa ba. A zuba mata wani irin ƙaro ta daskare, a yanka ta siririya kamar ɓawon albasa, a manna a gilashi, a sa ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Abin da muke karantawa shi ne yadda ƙasar ta kwanta, wace ce a ƙasa, wace ce a samanta. In aka cakuɗa ta, shi ke nan, ta zama ƙasa kawai.

Wata damina ruwa ya zaizaye gefen kufan, na yanko dunƙule ɗaya na tafi da shi. Ranar da na duba shi ban iya cin abincin rana ba. Daɓe ne a kan daɓe, a kan wani daɓen. Tsakaninsu ga toka siririya, ga ƙaiƙayin gero, ga ƙonannen kashin awaki. Wata mata ce ta share ɗakinta ta tara sharar a bakin ƙofa, tun kafin a kafa garinmu, ga ni kuma ina kallon sharar tata. Malamina, wanda ya koya mini aikin, ya duba ya daɗe bai ɗago ba. Ya ce lallai mu je da bazara mu yanko tudun tun daga sama har ƙasa.

Da bazara ta yi na kira Baba a waya na gaya masa zan zo da baƙi. Ya ce, "To me za ku nema a ciki?"

Ina sauri a lokacin, kuma a raina na ɗauka bayanin ya fi ƙarfinsa. Na ce, "Kayan mutanen da ne, Baba, su tsingaro da makamantansu."

"Malamin naka yaro ne ko babba?"

"Dattijo ne, ya kusa kai ka."

"Dattijo, da haƙa, a wannan rana?" Na ce kada ya damu, na kashe waya.

Da hantsi muka isa, mu huɗu a mota. Tun daga kan hanya na ga gonar ta yi mini wani iri, kamar bakin da aka cire wa haƙori. Babu tudu. Maza kusan ashirin na zaune a gindin ɗorawa suna shan fura, ga diga da shebur a jingine, ga amalanke. Baba ya kira gayya. Kwana uku maƙwabta da 'yan'uwa, har da na ƙauyen Kara, suna haƙa suna tankaɗewa da rariya, don kada baƙin ɗansa su sha rana. Baƙar ƙasar an kwashe ta an baza a gona. Tsingaron kuwa Inna da matan gida sun wanke shi tas da sabulu, an jera a tabarmi, manya daban, ƙanana daban.

Baba ya taso cikin rigarsa ta Sallah, fuskarsa fal murna. Ya ce, "Malamin Ƙasa, mun rage muku aiki. Ko ƙwaya ba mu bari ta ɓata ba."

Ni mutum ne mai saurin baki, duk gidanmu an sani. Amma ranar na wuce gona da iri. Na ce, "Baba, wa ya sa ka? Wa ya ce ka taɓa? Ƙasar muke so, ba wannan tarkacen ba! Abin da ya shekara aru-aru a kwance, jahilci ya cinye shi a kwana uku."

Jahilci. A gaban abokansa na bakin masallaci, a gaban surukansa, a gaban waɗanda ya sauke wa Alƙur'ani. Wani tsoho ya ajiye ludayinsa a hankali. Malamina ya damƙe mini hannu har na ji zafi, sannan ya tsuguna ya gaida Baba, gaisuwa mai tsawo, ya yi ta godiya, ya yi ta ɗaga tsingaro yana yabawa. Baba yana amsawa yana kallon ƙasa. Daga baya ya ce, "A shiga daga ciki, an yanka ɗan akuya." Muka ci. Shi bai sa hannu ba.

Ban ba shi haƙuri ba ranar, don zuciyata na tafasa. Ban ba shi ba da na dawo bayan wata guda, don ina ganin ai ni aka yi wa ɓarna. Daga nan kuma abin ya yi nauyi, kullum sai in ce sai zuwa na gaba. Na aika da shadda, na aika da magani. Ya daina tsokanata. In na zo sai ya ce, "Sannu da zuwa, ya hanya, ya iyali," kamar yadda ake yi wa baƙo. Inna ta ja ni gefe ta ce, "Babanku fa ya daina zama a majalisa. Yana sallame la'asar yake shigowa gida." Geron gonar ya yi kyau a shekarar, irin kyan da ba a saba gani ba. Masu wucewa na yaba masa, shi kuwa sai ya kawar da zancen.

Bayan girbi ciwo ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti a Gwarzo. Tun daga Kano nake shirya maganata a mota. Zan durƙusa, zan ce ni ne ban yi bayani ba, ni ne na raina fahimtarsa, bakina ne ya yi laifi, ya gafarta mini. Na maimaita ta har na haddace.

Na same shi bayan azahar, ya rame, Inna na yi masa fifita. Ya ce mata ta ba mu wuri. Na durƙusa a gefen gadon, ina tattara numfashi, sai ya riga ni.

"Kai," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Zancen ƙasar nan taka. Na tambayi wani malamin makaranta ya yi mini bayani, na gane ɓarnar da na yi. Wallahi taimako na nufa. Ka yafe mini, kada in tafi da hakkinka."

Duk abin da na haddace ya tsere. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ba komai, Baba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya rufe ido, ya saki jiki kamar wanda aka sauke wa kaya. Na ce a raina bari ya huta, gobe da safe in faɗi tawa. Da safe bai gane kowa ba, kuma kafin la'asar ya cika.

Na yi kuka a wurin jana'iza har mutane na cewa ashe haka nake son mahaifina. Ina son sa, amma ba shi kaɗai ne ya sa ni kukan ba. Baba ya tafi yana ganin shi ne mai laifi, ni ne mai yafewa, kuma da bakina na tabbatar masa da haka.