Agogon Japan a Shagon Springfield

Ina shekara ta biyu a karatun injiniyan lantarki na samu aikin Asabar a wani shagon gyaran agogo a Springfield. Mai shagon dattijon Bature ne, gwani a kan agogon da ake murzawa, amma ya raina na Japan masu batir. Iyakarsa ya canza batir. In agogo bai tashi ba ya ce a sayi sabo.

Wata Asabar wata nas 'yar Filato ta kawo agogonta na Japan. Dattijon ya gwada, ya ce ya mutu. Na gaishe ta da Hausa, ta juyo da sauri.

"Kai, ƙanena, ashe ɗan gida ne! Don Allah duba mini. Da shi nake ƙirga bugun jinin marasa lafiya, bai taɓa yi mini ƙarya ba."

Ni kuwa dama na karanta labarin kamfanin da ya ƙera agogon a laburaren makaranta. Daga ɗan shagon gyara suka fara a Tokyo, kamar namu. Girgizar ƙasa da gobara suka cinye masana'antarsu, suka sake ginawa, har suka riga kowa fitar da agogon hannu mai aiki da ɗan ƙanƙanin dutse. Batir ke kaɗa dutsen sau dubu talatin da biyu da ɗoriya a daƙiƙa guda, wata 'yar na'ura tana ƙirgawa.

Na roƙi dattijon ya bar ni. Ya ɗaga kafaɗa. Na bi sassan ɗaya bayan ɗaya da mitar auna lantarki, na tarar wata waya ce ta tsinke, ba ta kai silin gashi kauri ba. Sau huɗu ina haɗa ta tana kucce mini. A na biyar tsinken daƙiƙa ya yi tsalle.

"Allah ya yi maka albarka, ƙanena," in ji ta. Ta ɗaura, ta kama wuyan hannuna ta ƙirga, ta ce zuciyata na gudu.

Bayan ta fita dattijon ya turo mini takarda da fensir.

"Zana mini yadda abin nan yake aiki," ya ce. "A hankali."

Asabar shida ina koyar da mutumin da ya girmi mahaifina. Ran da ya tayar da agogon Japan na farko da hannunsa, har ɗakin kwananmu na makaranta ya bugo mini waya.